Ƙasar Da Yaranmu Ke Wasa A Kanta, Haƙƙin Wa Ce?



'Yan'uwa, yau maganata a kan wani abu ce da ba kasafai ake hawa mumbari da shi ba, wato ƙasar da yara ke zama a kanta su yi wasa. Na san akwai wanda zai karanta layin nan ya ce, "Haba Malam, ana kashe mutane a Anka da Bukkuyum, an hana mu noma, kai kuma zancen filin wasa kake yi?" Tambayarka tana kan hanya, kuma zan zo kanta. Ka dai ba ni aron hankalinka tukuna.

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura, amma wa zai tsaya binciken mutuwar agwagwa? Ba a daɗe ba yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, wasu su suma daga nan ba su farfaɗo ba. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin saboda sa ido kan sanƙarau, suka ga mutuwar yaran ta wuce misali. Da aka kai jini gwaji sai aka gano gubar dalma ce. Cikin watanni kaɗan yara sama da 400 suka rasu.

Masu binciken da suka bi gida-gida a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum sun shiga gidaje 119. A cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ka tsaya ka lissafa, ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Aka gwada jinin yara 204 daga waɗanda suka rage, ba a samu ko ɗaya da ya tsira daga gubar ba, kuma 198 daga cikinsu dalmar jininsu ta kai matakin da dole sai an ba su maganin fitar da ita. Kashi biyu cikin uku na gidajen nan, a cikinsu ake sarrafa dutsen zinari.

Yadda abin ya faru ba wani sihiri a ciki. Farashin zinari ya hau a duniya, ya haura dala 1,000 kowace oza a 2009. Dutsen da ake haƙowa a yankin kuwa, Allah Ya haɗa zinarin da dalma mai yawa. Magidanta su ɗauko shi a buhu su kawo gida, a farfasa da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa dawa da gero, a wanke a bakin rijiya ko kududdufi, a shanya a tsakar gida. Ƙura ta tashi ta sauka ko'ina. Babba yana tsaye, kansa na sama. Yaro ɗan shekara biyu kuwa a ƙasa yake wuni, yana rarrafe, yana tuwon ƙasa, hannun nan kuma baki zai je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Dalma ba ta wari, ba ta canza launin ƙasa yadda uwa za ta gane. A wancan lokacin ma'aunin hukumar muhalli ta Amurka ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare na ƙauyukan nan an auna sama da 100,000.

To ga abin da ya sa na ce wannan zancen filin wasa ne. Ƙauyukanmu ba su da wani wuri da aka ware aka ce nan na yara ne, kada a zuba komai, kada a yi sana'ar komai. Saboda haka garin gaba ɗaya ya zama filin wasansu: tsakar gida, ƙofar gida, lungu, gindin bishiya, bakin rijiya, bayan masallaci. Duk abin da babba ya zubar a ɗaya daga cikin wuraren nan, a bakin yaro ya zuba shi, ya sani ko bai sani ba. Likitocin ma da suka zo sai suka ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon, don jininsa zai sake cika. Dole aka fara da ƙasa. Aka kawo masana daga kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, aka ɗauki mutanen gari aiki, ana kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo sabuwa. Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza aka gama tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun cika intanet da kiran a ceci Bagega. Duk tsawon jiran nan yaran Bagega a kan wannan ƙasar suke langa da ɓuya.

Yanzu tambayar da nake so mu yi wa kanmu a matsayin Musulmi: wurin da yake na kowa da kowa, wa Allah zai tambaya a kansa?

A al'adarmu ta yau, abin da aka ce na jama'a ne kamar an ce ba shi da mai shi. Mutum zai share ɗakinsa tas, ya kwashe sharar ya watsa a lungu. Zai yi katanga ya ci taku biyu daga hanya. A fiƙihun da muke karantawa a zaure ba haka abin yake ba. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce wurin da aka hana mutum yin abin da zai cutar da maƙwabcinsa, har aka ambaci haƙa rami, aka ce ko da a cikin mallakarsa yake haƙawa. A Mukhtasar, Shaihu Khalil ya kawo cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema idan suna cutar da maƙwabta, kuma yana sa a rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai takura kowa ba. Wani magini Bamalike a Tunis, Ibn al-Rami, a ƙarni na 14 ya rubuta littafi guda sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, har da girgizar da dutsen niƙa ke yi wa bangon maƙwabci. Idan malamanmu sun hana warin jima, wanda iyakarsa ya dami hanci, me kake jin za su ce game da ƙurar da ke kashe ɗan maƙwabci?

Saboda haka maganar "gidana ne, in yi abin da na ga dama" ba ta da wurin zama. Manzon Allah (SAW) ya buga mana misali, a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari ya ruwaito, da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Niyyarsu ma mai kyau ce. Amma jirgi ɗaya ne. Iskar gari ma ɗaya ce, ƙura ba ta san katanga ba, yaro kuma ba ya neman izini kafin ya shiga gidan maƙwabta.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ina ɗora wa iyayen 2010 laifin jinin 'ya'yansu. A'a wallahi. Ba su sani ba, talauci ne ya kai su, neman halal suka fita, kuma su ne suka fi kowa jin zafin abin. Allah ba Ya kama bawa da abin da ba shi da hanyar saninsa. Amma hukuncin wanda bai sani ba daban yake da na wanda aka sanar. Bayan 2010 an sani. An yi shela, sarakuna sun ba da umarnin a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Wanda ya dawo da buhun dutse ɗakin matarsa bayan wannan, don tsoron ɓarayi ko don ƙyuyar tafiya, ba zai fake da jahilci ba. Kuma an samu gidajen da aka tsabtace suka sake gurɓata ta wannan hanyar. A 2015 irin wannan musiba ta faɗa wa Shikira a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, shekara biyar bayan duniya duka ta ji labarin Zamfara.

Wani kuma ya ce ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu ran da ke fita sai da izinin Allah. Sayyidina Umar ma ya san haka lokacin da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, kuma da Abu Ubaida ya yi masa maganar ƙaddara ya nuna masa cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Ƙaddara tana sanyaya zuciyar uwar da ta binne ɗa. Ba a ba mai unguwa ita don ya kwanta barci ba.

Akwai wani gefen da ya fi tsaya mini a rai. Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ta kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Muna yi wa mashayi bulala saboda kare hankali, alhali shi da hannunsa ya ɗauka ya sha, kuma gobe zai wartsake. Dalma kuwa hankalin yaro take ci, yaron da bai zaɓa ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka shanye, akwai kuma masu yawa da za ka gan su lafiya lau amma karatu ba ya zama. Yaran da aka haifa a 2008 da 2009 a waɗannan garuruwa yanzu samari ne da 'yan mata. Sau nawa wani malamin allo ya zane yaro don ya kasa riƙe wanki, alhali ƙasar ƙofar gidansu ce ta yi masa wannan aikin tun yana rarrafe? Jiharmu ce ta fara shelar shari'a a 1999, muna alfahari da hakan, kuma ya kamata. Sai dai babin hana cuta da babin hurumi su ma shari'a ne, a littafi ɗaya suke da babin haddi.

Na ambaci hurumi, bari in tsaya a kansa. Kalmar nan da muke ji a bakin tsofaffi tana da asali a fiƙihu. Khalil ya ce kowane gari yana da kewayen da ba a mallaka wa mutum ɗaya, inda mutanen garin ke yin itace da kiwo su je su dawo a wuni. Rijiya tana da nata, bishiya tana da nata. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi a kan wannan babi na mallakar ƙasa da abin da ba a mallaka. Kafin su duka, Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka. Ba zan ce maka na ga inda waɗannan littattafai suka rubuta "filin wasan yara" da sunansa ba. A zamaninsu fili ba ya ƙaranci, yaro ya fita ƙofa ya samu sarari. Abin da nake cewa shi ne, shari'ar da ta ware wa akuya wurin kiwo, ta ware wa shanu burtali da mashaya, ta hana a sayar, ba za ta rasa wurin da za ta ajiye ɗan mutum ba. Kuma wasan yara ba abin raini ba ne a Sunna. Anas ya ba da labarin yadda Annabi (SAW) ya aike shi, ya tsaya wurin yara masu wasa a kasuwa, Annabi ya zo ya same shi yana dariya. Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallaci Nana A'isha tana kallo ta bayansa. A Sahihu Muslim an yi kashedi mai tsanani ga wanda ke bahaya a hanyar mutane ko inuwarsu. Inuwa fa, wurin zama kawai, an ba ta alfarmar da ɓata ta ke jawo tsinuwa.

Yanzu in dawo kan ɗan'uwana mai tambayar farko. Ban manta da watan Janairun 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum, rahotanni suka ce an kashe kusan mutum 200. Ban manta da iyalan da suka gudo Anka suka zauna a ginin sabuwar fadar sarki da ba a gama ba. Amma ka duba da kyau, rashin tsaron nan shi ya ƙara wa maganata nauyi. Da can yaro yana bin yayyensa gona, yana zuwa fadama, yana kiwo a bayan gari. Yau bayan gari ya zama wurin tsoro. Ƙauyuka sun kwashe sun taru a Anka da Gummi da Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, mutane sun ƙaru, fili ya yi tsada, kowane sarari ana yanka shi fuloti. Yaran da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba an tara su a wuri ɗaya, ba gona, da yawa ba makaranta, ba kuma inda za su yi gudu su gaji su yi barci. Ina za su? Bakin titi wurin babura, ko kududdufi, ko ramukan da aka haƙa aka bari ruwa ya cika, ko wurin wankin dutse inda ake ba yaro 'yan canji ya ɗauki buhu. Yaron da garinsu bai ba shi wuri ba, akwai masu ba shi wuri a daji.

Shi ya sa inda za a sa filin ya fi komai muhimmanci. Mun saba idan za a ba matasa filin ƙwallo sai a nuna musu can ƙarshen gari inda ba mai so. To ƙarshen gari yanzu nan ne aka mayar da niƙan dutse, nan ne kuma mahara ke fara isowa. Filin yara a tsakiyar unguwa ya kamata ya kasance, inda dattijon da ke zaune ƙofar masallaci zai ɗaga kai ya gan su, inda uwa za ta aika a kira mata ɗanta kafin ta sauke tukunya, inda da an kira magariba kowa ya isa gida, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarnin a tsare yara idan dare ya kawo kai. A yankin da aka taɓa niƙa dutse kuwa, kafin a ce wa yara bismillah sai an auna ƙasar. Akwai na'urar hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar nan take, da ita aka yi aikin 2010 zuwa 2013, kuma 'yan jihar nan sun yi aiki da ita. MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022, gwamnatin tarayya kuma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai na 2019 a watan Disambar 2024. Wato dutse zai ci gaba da fitowa, baƙin da suka taimaka sun tafi, saura mu.

Sai batun wa zai shiga. Idan aka ce fili, abin da ke zuwa ranmu samari ne da ƙwallo. Waɗanda dalma ta kashe kuwa 'yan ƙasa da shekara biyar ne, waɗanda duniyarsu ba ta wuce zanin uwa ba. Nasu filin shi ne tsakar gida da ƙofar gida, don haka dokar farko ta gari ita ce dutse da kayan aikin dutse ba sa shiga gida, mai aikin ya wanke jikinsa ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. 'Yan mata ƙanana kuma fa? Mu malamai mun yi wa'azi a kan dandali saboda abin da ke faruwa a cikinsa da dare na cakuɗuwa, kuma wa'azin yana da hujja. Amma da aka watse dandalin ba a ba yarinya 'yar shekara bakwai wani wuri a madadinsa ba, sai tallan da ya fi dandalin haɗari. Wuri mai katanga, da rana, da wata dattijuwa mai lura, ba abin da ya saɓa wa addini a ciki. Haka yaron da ya shanye, a yi ƙofar da kekensa zai shiga. Haka almajiri da ɗan gudun hijira, kada a wayi gari an sa mai gadi yana tambayar ɗan gidan wa ne, ko an sa kuɗin shiga. Ranar da aka fara karɓar naira hamsin a ƙofa, an kori waɗanda aka yi abin dominsu.

A Gummi kuma ruwa ne abin lura. Ambaliyar Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa, a watan Satumba kuma kwale-kwale ya kife da manoma masu tsallaka gulbi zuwa gona, aka yi asarar rayuka. Garin da ruwa ya rusa ana sake gina shi, kuma lokacin sake gini ne kaɗai ake samun damar cewa nan hanyar ruwa ce a bar ta, nan ramin da aka ɗebi ƙasar bulo ne a cike shi ko a kewaye shi, nan kuma tudu ne a bar wa yara. Idan aka bari kowa ya mayar da katangarsa ya ƙara taku ɗaya, an rufe wannan ƙofar sai wata ambaliyar.

Za a ce ina kuɗin? Fili a tsakiyar gari ai ba araha. A nan nake kira ga masu hali. Abu Ɗalha ya ba da Bairuha, gonar da ya fi so, tana fuskantar masallacin Annabi, Annabi yana shiga ya sha ruwanta. Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Waƙafi bai tsaya a kan masallaci ba. Ina ganin unguwar da masallatai huɗu ke jin kiran sallar juna, kowanne sahu biyu, wani bawan Allah kuma yana neman fulotin da zai gina na biyar. Alhaji, Allah Ya karɓi niyyarka, amma ka tambayi malamin da ka yarda da shi ko fulotin nan ba zai fi amfanar Musulmi ba idan ka kewaye shi, ka dasa dogon yaro, ka haƙa rijiya mai murfi, ka zuba yashi mai tsabta, ka rubuta shi waƙafi a gaban alƙali da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha yadda magada ba za su sayar ba. Inda ba a samu mai bayarwa ba, ga filin Idi nan, sau biyu a shekara muke shigarsa, sauran kwanakin awaki ne da juji. Ga harabar firamare bayan an tashi. Waɗannan ba sa buƙatar kasafin Abuja, suna buƙatar hakimi da liman da shugaban ƙaramar hukuma su zauna a tabarma ɗaya, a kira mai awo ya kafa duwatsu a kusurwa huɗu, a rubuta takarda, a karanta ta a masallacin Juma'a kowa ya ji iyakar wurin, don duk wanda ya zo da bulo bayan shekara biyar a samu masu tashi su ce masa nan ba a gini.

Allah Ya jiƙan yaran Dareta da 'Yargalma da Bagega da sauran garuruwan, Ya sa su zama masu ceton iyayensu, Ya ba waɗanda suka rayu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.